Tambayoyin da Mutanen Mazaɓa Suka Fi Yi wa Kansila, da Amsoshinsu

Mazaɓar da nake wakilta tana cikin waɗanda garin Kaduna ya fara cimmawa. Ɓangare ɗaya sababbin unguwanni ne, gidajen bulo da shaguna da masu sammakon tafiya aiki cikin gari. Ɗaya ɓangaren ƙauyuka ne da rugage, masu noman masara da waken soya da shinkafar fadama. Matsalar birni da ta karkara duk sun haɗu a kanmu. Tambayoyin nan su ne nake sha a wajen ɗaurin aure da zaman makoki da ƙofar gida, na tattara su don mai buƙata ya san ƙofar da zai buga, ya kuma san abin da zai riƙe ni a kai.

Honarabul, wai mene ne ainihin aikin kansila?

Jihar Kaduna tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255, kowace mazaɓa da kansilanta guda. Mu ne majalisar ƙaramar hukuma. Mu ke duba kasafin kuɗin da ciyaman ya kawo, mu gyara ko mu amince. Mu ke yin dokokin cikin gida irin na kasuwa da tsafta da sakin dabbobi, kuma muna da ikon kiran shugabannin sassa, na ayyuka ko na lafiya ko na noma, su faɗi inda aka kwana. Wa'adinmu shekara uku ne: an yi zaɓe a 2018, da 2021, da Oktoban 2024.

Kansila ba ya sa hannu a fitar da kuɗi, ba ya ba da kwangila, ba ya ɗaukar ma'aikata. Wannan aikin ciyaman ne da mataimakinsa da waɗanda ya naɗa su kula da sassa. Abin da ke hannuna shi ne in faɗi damuwar mazaɓa a zauren majalisa, in bi ta ofis-ofis, in tabbatar an rubuta ta inda ake rubuta abin da za a kashe wa kuɗi.

Waɗanne abubuwa ne ke wuyan ƙaramar hukuma?

Tsarin mulkin 1999 ya jera su a jadawalinsa na huɗu: kasuwanni da tashoshin mota da mahauta, maƙabartu, makewayin jama'a da kwashe shara, ƙananan hanyoyi da magudanan ruwa, raɗa wa layuka suna da sa wa gidaje lamba, rajistar haihuwa da mutuwa da aure. Sannan tana kama wa jiha a ilimin firamare da lafiya matakin farko da harkar noma. 'Yan sanda da soja da manyan hanyoyi irin ta Kaduna zuwa Zariya na tarayya ne, yawancin makarantun sakandare da manyan asibitoci na jiha ne, wuta kuwa tana hannun kamfani. In aka kawo mini kukan abin da ba namu ba, ba na sallamar mutum haka nan. Raka shi nake yi inda maganar za ta yi tasiri.

Ina bambancinka da mai unguwa da dagaci? Wa za mu fara zuwa wurinsa?

Su iyayen ƙasa ne, ni ɗan aike ne mai wa'adi. Rikicin iyakar gona, da saɓanin maƙwabta, da baƙon da ya sauka a unguwa, a fara da mai unguwa, in ta gagara a je ga dagaci, sannan hakimi. Abin da ke buƙatar kuɗin gwamnati, kamar kwalbati ko rufin aji, shi ne nawa. A 2017 gwamnatin jiha ta rage gundumomin hakimai daga 390 zuwa 77, ƙasar hakimi ɗaya ta yi faɗi, nauyi ya ƙaru a kan masu unguwanni. Su ne ke fara jin komai, kuma ban taɓa ganin aikin da ya yi ƙarko ba tare da hannunsu a ciki ba.

Ɗana, na zo da takardar magani ka ce babu. Ina kuɗin mazaɓa da ake ba ku?

Baba, a wurinmu babu wani asusu da ake buɗe wa kansila da sunan mazaɓa ya riƙa ɗiba. Abin da ke shiga hannuna albashi ne da alawus, kuma daga ciki ake fitar da gudummawar suna da biki da jana'iza da kuɗin makarantar marayu. Kafin wata ya raba ya ƙare. Ba na jin haushin mai roƙo. Na san babu ce ta fito da shi, kuma wanda ɗansa ke kwance ba ya jin dogon bayani.

Amma ina so a dubi lissafin da kyau. Abin da zan raba a ƙofar gida zai sayi maganin mutum kaɗan, gobe kuma ciwo ya dawo. Lokacin da zan kashe ina bin sashen lafiya har a turo ungozomar da za ta kwana a asibitin mazaɓa, zai amfani kowace mai ciki a ƙauyukanmu. In jama'a suka auna kansila da abin da ya zaro daga aljihu kaɗai, suna tura shi ne ya nemo kuɗin ta kowace hanya, kuma mun san hanyoyin: haɗa baki da ɗan kwangila, ko karkatar da kason taki. A ƙarshe talakan da aka ba kuɗin magani shi ne zai biya.

Mun ji Kotun Ƙoli ta ba ƙananan hukumomi 'yancin kuɗinsu. Me ya sa ba mu gani a ƙasa ba?

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan kasonsu kai tsaye, maimakon ya bi ta asusun haɗin gwiwa da jihohi, ta kuma haramta wa gwamnoni rushe zaɓaɓɓu su naɗa kantomomi. Na yi murna da hukuncin. Sai dai aiwatar da shi ya yi ta jan ƙafa a faɗin ƙasa, ana ta kai-komo kan asusun da za a buɗe da takardun binciken kuɗi da za a gabatar.

Akwai kuma abin da ba a cika faɗa wa mutane ba. Kason ƙananan hukumomi duka kashi 20.6 ne cikin ɗari na abin da ake rabawa daga asusun tarayya, kuma in ya iso, albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya da na sakatariya, da fansho, da kason masarauta ne ke fara cin nasu. Gaskiya ne kuɗin ya ƙaru tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, amma siminti da rodi da man gireda sun tashi tare da shi, mafi ƙarancin albashi na ƙasa ma ya koma naira 70,000 a 2024. Ragowar da ake aiki da ita ba ta kai yadda ake zato ba. Kuma in kuɗi ya zo kai tsaye babu mai sa ido, ɓarnar da ake kuka da ita a sama saukowa sakatariya kawai za ta yi. Amsar ƙarshe ta yi bayanin yadda ake sa idon.

Ta yaya aikin unguwarmu zai shiga kasafin kuɗi?

Da takarda, da taron jama'a, kuma a kan lokaci. A jihar nan akwai tsarin da ake kira CDC, inda al'umma ke zama ta rubuta buƙatunta bisa muhimmanci, a tattara na mazaɓa a miƙa wa ƙaramar hukuma kafin a haɗa kasafin shekara mai zuwa. Ku yi zamanku tun damina ba ta ƙare ba. Wanda ya zo a Janairu ya tarar an rufe littafi, sai ya jira baɗi, in ba ambaliya ko annoba ce ta taso ba.

Kada ku jero abu goma sha biyar. Ku zaɓi biyu ko uku, ku ambaci wurin da sunan da kowa ya sani, ku faɗi gidaje nawa abin ya shafa, ku haɗa hoto, mai unguwa da shugaban matasa da shugabar mata da liman ko fasto su sa hannu. Ku riƙe kwafi mai hatimin karɓa. In na miƙe a majalisa na ce mutanena suna so, kowane kansila ma haka zai ce. In na ɗaga takarda mai sa hannun gari guda, magana ta canja. Shiga kasafi kuwa matakin farko ne. Sakin kuɗin wata kokawa ce, a nan nake buƙatar wakilanku su riƙa raka ni sakatariya.

Duk damina hanyarmu sai ta yanke. Yaushe za a zuba mana kwalta?

Kwalta mai tsawo ta fi ƙarfin ƙaramar hukuma, sai jiha ta hannun hukumar hanyoyi ta KADRA. Abin da muke iyawa shi ne gireda da marmara da kwalbati da lambatu. In za a bi shawarata, a fara neman kwalbati da magudanar ruwa, domin ruwa ne ke cin hanya. Marmarar da aka zuba a watan Yuni babu inda ruwa zai bi, kafin Agusta ta koma cikin gonakin mutane. Lokacin aikin hanya daga bayan kaka ne zuwa bazara.

Akwai namu laifin. Wani ya ja katangarsa ta cinye hanyar ruwa, wata ta mai da lambatu juji, tifofin yashi kuma suna bin layin da ba a yi don nauyinsu ba. Aikin gayya kafin ruwan fari, a yashe magudanai, ya ceci hanyoyi da dama a mazaɓar nan. Maganar masu gini a hanyar ruwa tana cikin amsa ta gaba.

Ina so in sayi filoti a yankinku. Takardar mai unguwa ta isa?

Ba ta isa ba, Malam. Takardar mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki a gabansa, ba shaidar mallaka ba ce a idon gwamnati. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana, kuma a Kaduna hukumar KADGIS ce ke riƙe da rajistar filaye da ba da takardar mallaka, KASUPDA kuma ke ba da izinin gini. Kafin ka biya ko sisi, ka kai bayanin wurin a duba maka ko yana cikin filin da gwamnati ta keɓe, ko an riga an ba wani. Ka guji ƙarƙashin babbar wayar wuta, da gefen layin dogo, da kan bututun mai, da kwarin da ruwa ke bi, komai arharsa. Mun ga rusau a jihar nan, kuma wanda aka rushe wa gida takardar dillali ba ta amfane shi da komai ba.

In gonar gado ce aka yanka, ka tabbatar an raba gadon, kowane magaji ya yarda, har mata da waɗanda ke zaune a wani gari. Rabin shari'o'in da ake kawo mana sulhu daga nan suke tasowa: babban wa ya sayar, bayan shekaru ƙanwa ta dawo da 'ya'yanta sun girma, mai gida kuma ya riga ya tare.

Ga kuma abin da ya fi ci mini rai a duk harkar mazaɓar nan, wato awon igiya. Dillali zai sayi gona ya yayyanka ta filoti-filoti, bai bar layin da mota biyu za su gifta ba, bai bar filin makaranta ba, bai bar na asibiti ko maƙabarta ko na wasan yara ba, har burtali ya haɗa ya sayar. Shekara kaɗan unguwa ta cika, sai a zo wurin kansila ana neman firamare, kuma ko an sa ta a kasafi babu inda za a kafa tubali. Na ga aikin da aka amince da shi ya koma wata mazaɓa saboda rashin fili kawai. Ina roƙon masu gonaki da iyayenmu masu unguwanni su ƙi sa hannu a duk awon da bai fitar da hanya da filin jama'a ba. Masu saye kuma su tambayi inda makaranta za ta zauna kafin su tambayi farashi. Manomin da zai sayar ma ya yi tunani: kuɗin gona yakan ƙare cikin shekara biyu a aure da babur da gyaran gida, daga nan sai ya koma ƙwadago a gonar wani, ko gadi a gidan da aka gina a kan tasa.

Gwamnati ta karɓi gonarmu. Me ya kamata a biya mu?

Doka ta ba gwamna ikon karɓar fili don amfanin jama'a, kuma diyyar da ta tanada ta abin da ke kan ƙasar ce: amfanin gona, itatuwa masu amfani irin su ɗorawa da kaɗanya da mangwaro, gini, rijiya. Saboda haka ranar ƙidaya ita ce ranar da ta fi kowace muhimmanci. Ka tsaya a gonarka da kanka, ka ga an ƙirga kowace bishiya, ka ɗauki hoto, ka tabbatar sunanka aka rubuta ba na wakili ba. Masu gonaki su haɗu su yi magana da baki ɗaya, su nemi lauya tun farko in da hali. Wanda ya bi ta bayan fage ya karɓi nasa shi kaɗai yakan karya farashin kowa.

Shanu sun shiga mini gona. In kai ƙara caji ofis ko in rama?

Kada ka rama, kada ka taɓa dabba, kada ka doki yaron da ke kiwo. Ka kira shaidu su ga ɓarnar tun sawu bai ɓace ba, ka sanar da mai unguwa, shi kuma ya nemi arɗo. A wurinmu akan zauna da dagaci da arɗo da sarkin noma, malamin gona ya ƙiyasta asarar, a biya. In aka ƙi biya ko aka zare makami, sannan maganar ta koma hannun 'yan sanda da kotu.

Gaskiya kuma a faɗe ta ta kowane ɓangare. Akwai makiyayan da ke tura ƙananan yara da garke, ko su yi kiwon dare kafin a kwashe amfani. Wannan zalunci ne. Akwai kuma manoma da dillalan da suka nome burtali, suka toshe mashaya, suka cinye makiyayar da kakanninmu suka bari. Saniyar da aka toshe wa hanya dole ta bi ta gonar wani. Fulanin da ke rugagenmu a nan aka haifi iyayensu, da su muka yi makaranta, ƙuri'arsu na cikin waɗanda suka kai ni majalisa. Jihar ta kafa Hukumar Zaman Lafiya a 2017 don irin wannan saɓani in ya girma, amma na fi son a kashe wutar tun tana gaban dagaci.

Me kake yi game da tsaro?

Kansila ba shi da bindiga, ba ya ba ɗan sanda umarni. Abin da nake yi shi ne haɗa mai labari da mai ɗaukar mataki: mai unguwa, da DPO, da 'yan sa-kan jiha na KADVS, da sojojin da ke kusa. Mun sha wuya a jihar nan. A 2021 an katse layukan waya a wasu yankuna, an hana hawa babur, an rufe wasu kasuwannin mako. A Maris na 2024 aka kwashe ɗalibai a Kuriga cikin ƙaramar hukumar Chikun. Sulhun Birnin Gwari na ƙarshen 2024 ya kawo sauƙi har kasuwar dabbobi ta sake ci, kuma mun ji sauƙin a farashin hatsi da komawar mutane gonakin nesa. Ina fatan a bi bayansa da makaranta da asibiti da hanya, domin yaron da ya tashi a daji babu ko ɗaya cikin ukun, wani zai ɗauke shi aiki.

Abu uku nake roƙo. Mai ba da haya ya kai sabon ɗan haya gaban mai unguwa. Wanda ya ga abin da bai yarda da shi ba ya faɗa wa wanda ya dace a asirce, kafin ya sa a WhatsApp ko Facebook, inda infoma ma yana karantawa. Wanda aka kama kuma a miƙa shi ga hukuma. Dukan kawo wuƙa ya sha hallaka marar laifi, ya jawo ramuwa a kan gari guda.

Yaranmu a ƙasa suke zama, malamai kuma sai hantsi suke zuwa. Wa za mu gaya wa?

Ku fara da kwamitin makaranta na al'umma, wanda ake kira SBMC, tare da hedimasta. Daga nan sai sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, gini da kujeru kuma yawanci ta hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, suke fitowa. Bayan jarrabawar 2017 da aka sallami malamai sama da 21,000 aka ɗauki sababbi, da yawa cikin waɗanda aka turo mana a cikin gari suke zaune, kuma tun da mai ya yi tsada kuɗin mota ke cin albashinsu. Wannan ba hujjar fashi ba ce, amma yana nuna maganin: inda gari ya ba malami ɗaki, ya zauna. 'Ya'yanmu masu NCE kuma su riƙa nema duk lokacin da aka buɗe ɗauka. A kuma kewaye filin makaranta ko da da shuka ne, don kada abin da na faɗa a amsar filoti ya cinye shi.

Asibitin mazaɓa da dare a rufe yake. Haka aka tsara?

A'a, Hajiya. Tsarin jiha shi ne kowace mazaɓa cikin 255 ta sami asibitin matakin farko guda da ke aiki sosai, har karɓar haihuwa. Inda ake rufewa, galibi ƙarancin ma'aikata ne, ko rashin wuta da ruwa da katanga, har ma'aikaciya ta ji tsoron kwana. Kowane asibiti yana da kwamitin ci gaban mazaɓa da ya kamata ya riƙa duba waɗannan. Ku tambayi su wane ne a ciki, ku tabbatar akwai mata. Allurar rigakafin yara kyauta ce. Ku kuma tambayi yadda ake shiga tsarin taimakekeniyar lafiya na KADCHMA, domin akwai gurbin marasa ƙarfi.

Famfonmu ya lalace, taransifoma ta ƙone. Mu haɗa kuɗi ko mu jira gwamnati?

Amsar biyun ba ɗaya ba ce. Rijiyar burtsatse, ko ta tuƙa-tuƙa ko mai sola, in an miƙa ta ga gari, ƙaramin gyaranta na gari ne. Yawancin waɗanda suka mutu a mazaɓar nan roba ce ko sanda ta ɗan kuɗi kaɗan ta kashe su, aka bari har injin ya tafi. A kafa kwamiti, a riƙa tara wani abu duk wata, mace ta riƙe asusun in so samu ne. Na lura nasu ya fi daɗewa. Sabuwar rijiya ko babban gyara a bi ta kasafi ko hukumar ruwa da tsaftar karkara ta jiha, RUWASSA. A sababbin unguwanni kuma a nisanta masai da rijiya, don filoti ƙanana sun sa ana haƙa su kusa da juna, daga nan amai da gudawa ke tashi.

Taransifoma kuwa, hukumar NERC mai sa ido a kan harkar wutar lantarki ta sha faɗa cewa gyaranta da sauya ta nauyin kamfanin rarraba wuta ne. Ku rubuta ƙorafi, ku riƙe kwafi, in an yi shiru ku kai ofishin sauraron ƙorafi na hukumar. In kun gaji kun yanke shawarar haɗa kuɗi, a yi yarjejeniya a rubuce da kamfanin kafin a sayi komai.

Taki da tallafi sun zo, ba mu ga sunanmu ba. Ku kuka raba wa 'yan jam'iyya?

Zargin yana da tushe, domin ana yi a wurare da dama. Amma ku san kason da ke isowa mazaɓa bai taɓa kusantar yawan manomanta ba. Abin da na tsaya a kai shi ne a karanta sunaye a bainar jama'a, a raba a filin makaranta da rana, kowane ƙauye da ruga su san adadin buhunan da suka samu. Manoman da ke cikin ƙungiya mai rajista sun fi saurin shiga shirye-shiryen jiha. Kada kuma mai masara ya jira na gwamnati: in lokacin kamfa ya wuce, ko yuriya ta zo bayan masara ta fitar da kai, buhun kyauta bai maye asarar ba.

Tallafin kuɗi na tarayya daga rajistar marasa ƙarfi ake ɗauko sunaye, ana kuma neman lambar NIN da asusun banki. Babu wanda ya isa ya karɓi kuɗinki don sa suna. Wanda ya turo saƙo yana neman lambar sirrin katinki ɓarawo ne.

Masu karɓar haraji sun dame mu a kasuwa. Wanne ne na gaskiya?

Tun dokar haraji ta 2016, jihar Kaduna ta tattara karɓar kuɗin shiga a hannun hukumar KADIRS, ta kuma hana jami'i karɓar tsabar kuɗi a hannu. Ka nemi katin shaida, ka nemi rasit na hukuma. Kuɗin ƙungiyar 'yan kasuwa ko ta direbobi daban ne, shugabanninku za ku tambaya inda yake tafiya. Ni kuma hujjata ta neman rumfuna da makewayi a kasuwa tana ƙarfi ne in an ga abin da kasuwar ke kawowa a rubuce.

Yaranmu sun faɗa shaye-shaye, ga babu aiki. Ba za ka samo musu gurbi ba?

Gurbin aikin gwamnati ba ya hannun kansila, kamar yadda na faɗa a amsar farko, kuma duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya samo takardar ɗauka, a guje shi. Abin da nake iyawa shi ne sanar da ku in an buɗe ɗauka, da tura yara cibiyoyin koyon sana'a irin waɗanda gwamnatin Sanata Uba Sani ta gina a Rigachikun da Soba da Samarun Kataf, da roƙon masu garejin walda da kafintoci da magina su ɗauki almajiran sana'a. Gine-ginen da suka cinye gonakinmu suna buƙatar mai tayil da mai fenti da mai haɗa sola. Abin takaici ne a ce daga cikin gari ake kawo su.

An hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma ƙwaya da wiwi da sholisho ba su tafi ba, kuma kangayen da masu su suka bari babu rufi sun zama matattara. Masu kango su rufe ko su sa mai gadi. Dillalin ƙwaya a kai sunansa ga NDLEA. Yaron da ya kamu kuwa marar lafiya ne, asibiti yake buƙata, mari da ɗauri ba su warkar da kowa ba. Mu 'yan siyasa ma mu ji tsoron Allah: wanda ya saya wa yaro ƙwaya ranar kamfe ba shi da bakin kuka da shi bayan zaɓe.

Ni baƙuwa ce a unguwar, kuma ba jam'iyyarka na zaɓa ba. Ina da hakki a wurinka?

Kina da shi cikakke. Kansila na duk wanda ke kwana a mazaɓa ne, Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bagwari da Bafulatani da wanda ya zo jiya. Matan da ba sa iya zuwa taron maza su aiko ta shugabar mata, ko su kira taronsu in zo.

In muka ga kansila ba ya komai, me za mu yi?

Ku kira shi taro a rubuce, ku tambaye shi ayyukan mazaɓa da ke cikin kasafin bana, da nawa aka ware, da wanda aka saki. Kasafi ba asiri ba ne. In ya ƙi zuwa, ku kai wa kakakin majalisar kansiloli da ciyaman. In aiki aka fara aka watsar, ko aka yi shi da algus, Hukumar Tsare-tsare da Kasafi ta jiha tana da sashen bibiyar ayyuka da ke karɓar rahoton jama'a, kuma shirye-shiryen rediyo na kiran waya suna sa a motsa.

Sai zaɓe. Hukumar zaɓe ta jiha, KADSIECOM, ita ke shirya na ƙananan hukumomi, amma da rajistar INEC take aiki. Da yawa cikin mazauna sababbin unguwanninmu katinsu yana Tudun Wada ko Kawo ko Unguwar Rimi inda suka taso, don haka ranar zaɓen kansila ba su da ƙuri'a a inda suke kwana. Duk lokacin da INEC ta buɗe rajista, ku nemi a dawo da katinku rumfar da ke kusa da gidanku, ku kuma je zaɓen fid da gwani na jam'iyyunku, domin a can ake fara tace wanda zai tsaya.